Sawun Ƙafa a Takarda

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin takalmi a Aboabo,
ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo ta kusurwar hagu.
Ƙarar guduma ita ce tallata.
Mai wucewa ya ji, ya leƙo, ya tuɓe silifa,
in riƙe diddigensa in karanta shi kamar allo.

Sai Sahadatu, autata, ta dawo hutu
ta ce, "Baba, kasuwa ta tashi daga Kejetiya,
ta koma cikin waya."
Na ce, to wa ke share ta da safe?
Wa ke karɓar kuɗin rumfa?
Ta shimfiɗa farin mayafin uwarta a bakin taga,
ta ɗora takalmi, ta durƙusa masa
kamar mai gaida suruki.
Hoto goma sha bakwai, ta zaɓi ɗaya.

Kwana tara shiru.
Mutum huɗu suka danna alamar so:
ita, ƙawarta, kawunta na Tamale,
da wani da ya tambayi farashi, ya bi iska.

Wani yaro mai baƙin tabarau ya ce
sidi ɗari biyu, zai kawo mabiya dubu biyar.
Muka biya. Da asuba suka iso, tuli guda,
ba wanda ya yi sallama.
Dubu biyar, babu mai ƙafa ko ɗaya.

Abin da ya ci kasuwa ba mu shirya shi ba.
Daren da aka ɗauke wuta, ina yankan fata da tocila a baki,
ina faɗa da zaren da ya ƙi shiga,
ta ɗauke ni ban sani ba.
Babban yatsana mai tabon wuƙa ya zaga duniya babu izinina.
Kafin la'asar waya tana kuka
kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa.

Takoradi. Wa. Wata mai jinya a ƙasar sanyi
tana son irin na mahaifinta.
Na ce, yaya zan auna ƙafar da ban taɓa ba?
Sahadatu ta rubuta musu:
taka farar takarda, zagaya da biro,
ajiye kwabon sidi ɗaya a gefe mu gane girma.

Yanzu akwai Isaka da Kwabena a kan benci.
Kwano ya daina yoyo.
Kowace Laraba ƙunshi na hawa motar Accra,
kuɗi na shigowa ba mu ji ƙamshinsu ba.
Wani ya saci hotonmu yana sayar da roba da shi.
Wata ta rubuta "ya matse ni" a gaban jama'a,
na kwana biyu ina jin kalmar a tafin ƙafata
har na sake ɗinka mata kyauta.

Jiya Malam Tahiru ya zo,
shi da na yi wa takalmin aure da na Hajji.
Na ji Sahadatu na cewa, "Layi ya kai mako uku, Baba Tahiru,
sai dai ka aiko da saƙo."
Ya tsaya yana murza hularsa.
Na kife wayar, na tura masa kujera,
na riƙe diddigen nan da ya tsage tun zamanin tsohon kuɗi.
Bai ce komai ba, ni ma haka.
Wayar tana ta motsi a kan tebur kamar kifi a tudu.

Da dare nakan zauna ni kaɗai.
Takardun na rataye a ƙusa, sun haura ɗari uku,
na san mai karkataccen yatsa, na san mai faɗin tafi,
ban san fuskar kowa ba.
In iska ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa
sai su yi ta lilo,
kamar suna neman hanyar Aboabo.